Kujera Ɗaya a Jirgin Tristan

Camberwell, Landan
Nuwamba, 1994

Zuwa ga Yayata Yelwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa irin ta ƙani ga yayarsa, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Muniru da yara. Yaya jikin Inna? Abdul-Mumuni, abokina mai zirga-zirga tsakanin Landan da Funtuwa, ya ce da ya leƙa gida a zuwansa na baya ya tarar ƙafar tata ta sake kumbura, har tana sallah a zaune. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne, ya ja mana kwananta. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa, rana kuma ta koma kamar baƙuwa mai sauri, kafin ka ce mata sannu da zuwa ta yi sallama. Ina nan a asibitin ina ta tura marasa lafiya daga wannan ɗaki zuwa wancan. Baffa Almu da Anti Fulera suna lafiya a Edmonton, yaransu sun girma, ka yi musu Hausa su amsa maka da Turanci suna murmushi kamar alfarma suka yi maka. Shi dai Baffa lafiyar bakinsa har ta yi yawa, don shi ne dalilin wannan takarda.

Yaya, ki nemi wuri ki zauna kusa da Inna ki karanta mata daga farko har ƙarshe. Na san halinki. In kin zo inda bakina ya yi zafi sai ki tsallake, ki ce mata ai gaisuwa ce yake ta yi. Wannan karon kada ki tsallake ko layi ɗaya. An riga an kai mata rabin labarin, kuma rabin da aka kai mata ɗin shi ya jefa ni halin da nake ciki.

Kin san iyakar abin da aka taɓa gaya mana game da Baba: ya tafi aikin jirgin ruwa ina cikin ciki, ciwo ya kama shi a teku, aka binne shi a wani tsibiri. Wani tsibiri! Tun da aka haife ni abin da muke riƙe da shi ke nan, kamar duniya tsibiri ɗaya gare ta. To, bara da Babbar Sallah, a wani taro a Tottenham, wani dattijo mutumin Gana da ake kira Baba Masawudu ya ji an kira ni Maharazu Ladan. Ya tsaya yana kallona har na tsargu, sannan ya tambaye ni ko Ladan ɗan Funtuwa, wanda ya yi aiki a ɗakin inji, shi ne ya haife ni. Ashe jirgi ɗaya suke. Ya ce ciwon ciki ne ya taso wa Baba suna tsakiyar teku, tsakanin Amurka ta Kudu da Afirka, kyaftin ya karkata zuwa ƙasa mafi kusa da ke da likita, wani wuri da ake kira Tristan da Cunha. A can ya cika. Baba Masawudu shi kaɗai ne Musulmin da ya rage a jirgin. Shi ya yi masa wanka, ya yi likkafani da zanen gado, ya tsaya shi ɗaya ya sallace shi, mutanen tsibirin suna tsaye a bayansa da huluna a hannu. Su suka haƙa kabarin, suka kewaye shi da baƙaƙen duwatsu.

Washegari na tafi laburare na buɗe babbar taswira. Sai da na sa yatsa na bi tekun har ƙasa kafin na ga wurin, ɗan ɗigo kamar kashin ƙuda. Daga nan duk littafin da ya ambaci sunan sai da na aro shi. 'Yan tsibirai ne a haɗe, ɗaya kaɗai ke da gari. Dutse ne mai aman wuta ya taso daga cikin ruwa, mutane suka raɓa a gindinsa, ba su fi ɗari uku ba, suna noman dankali da kamun kifi da kiwon tumaki. Babu filin jirgin sama. A 1961 dutsen ya yi amai, aka kwashe su gaba ɗaya zuwa Ingila. Suka zauna, suka dubi Ingila da kyau, akasarinsu suka ce a mayar da su gindin dutsensu. Tun da na karanta wannan nake ganin girman mutanen nan, don ni ma na dubi Ingila da kyau.

Shekara guda na yi ina bin hanyar zuwa, ban gaya wa kowa ba sai Baba Masawudu. Da farko ma babu hali, don dole a bi ta Cape Town, fasfonmu kuwa ba ya shiga Afirka ta Kudu sai yanzu da mulki ya canza hannu. Sannan ba a sauka a tsibirin sai majalisarsu ta ba mutum izini, da sunansa, shi kansa. Na nema, suka ba ni. Har suka sanar da ni cewa tsohuwar da ta yi jinyar Baba tana raye, ita ce ta san kabarin a cikin sauran, don babu rubutu a kansa, amma ta tsufa ƙwarai. Jirgin fasinjan da zan iya samu sau ɗaya a shekara yake leƙa wurin, wajen Janairu. Na yi booking aka ce ya cika, aka sa ni a layin jira. Na roƙi hutu a wurin aiki, na je likita ya gwada ni ya shaida zan iya sauka daga babban jirgi zuwa ƙaramin kwalekwale ta tsanin igiya, don haka ake shiga garin. Watan jiya wani ya yi cancel, aka ce wurin ya zama nawa, in tabbatar kafin ƙarshen wannan wata. Yaya, ranar a jirgin ƙarƙashin ƙasa na zauna ina dariya ni kaɗai, wata Baturiya ta tashi ta canza kujera.

Sai ladabi ya ja ni. Na ce Baffa ƙanin Baba ne, shi ya kawo ni ƙasar nan, bai kamata ya ji a bakin wani ba. Na hau bas har Edmonton na durƙusa na zayyana masa komai. Ya yi kabbara, ya sa mini albarka, ya ce na haifu. Sannan ya gyara zama ya ce to madalla, sai a cire sunana a sa nasa. Na ɗauka wasa yake yi. Na manta cewa kafin Baffa ya zama direban tasin minicab a Landan, shekara da shekaru ya yi yana kamasho a tashar Funtuwa. A wurinsa duk abin da ke ɗaukar mutane mota ne. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin inda yaro ya zauna a gidan gaba babba yana tsaye a ƙasa ba. In babba ya zo, yaro sauka yake yi ya biyo ta baya. Na ce masa ta bayan sai baɗi. Ya ce to ai ni yaro ne, ina da baɗi.

Na yi bayani har muryata ta dishe. Na ce izinin da sunana yake, ba ya komawa kan wani. Na ce in na sauka, ba wanda ke tsaye kusa da ni ake ba wa wurin ba, na gaba a layin jira ake kira. Na tuna masa hawan jininsa da ciwon sugarsa, na ce babu likitan da zai yarda ya rataya a tsanin igiya teku na wasa da kwalekwale a ƙarƙashinsa. Mutumin da ko benen bas ba ya hawa don jiri! Ya ce duk wannan maganar takarda ce, ni ban san yadda ake magana da mutane ba. Ya karɓi lambar ofishin jirgin ya buga a gabana. Wallahi Yaya da kin ji da kin nemi ƙasa ta tsage ki shige. Ya gaishe da matar ofishin, ya tambayi iyalinta, ya gaya mata shi ma ɗan harkar sufuri ne, ya san direba ba ya rasa wuri ɗaya da yake ɓoye wa nasa. Da ta ce babu, ya ce to a ɗan matsa mana, mu biyu mu raba gado ɗaya, shi ba mai jiki ba ne. Da ta sake cewa babu, ya ce zai iya zama a wajen kaya. Baiwar Allah ta yi ta ba shi haƙuri. Da ya ajiye waya ya dube ni ya ce ta kusa yarda, ba a dai sami babbanta ba ne.

Ranar Lahadi kuma ya tara mini dattawa a flat ɗinsa, wai a yi shawarar tafiyarsa. Tafiyarsa, ki ji fa! Na shiga na tarar an cika falo da kaya. Anti Fulera ta daka yaji, wata ta kawo kilishi, wani ya kawo dabino da butoci, har da atamfa, wai tsarabar da za a kai wa Sarkin Hausawan garin. Na ce babu Sarkin Hausawa. Kowa a falon ya fashe da dariya, wai karatun laburare ya taɓa ni, ina aka taɓa yin gari a duniya babu Bahaushe ko ɗaya, ko mai tsire ne. Wani ya ce yana da ɗan uwa da ya ɓace tun zamanin yaƙi, a duba masa ko yana can. Na ce Bahaushe ɗaya ne a tsibirin nan kaf, kuma a kwance yake, shi za ni gani. Baffa ya ce in sun isa zai sayi rago ya yanka a yi sadaka. Wannan kam ban musa ba, akwai tumaki, shi ne kaɗai abin da aka faɗa a falon nan da ya yi daidai da wurin. Baba Masawudu yana gefe, ya buɗe baki zai ce ya ga garin da idonsa, aka ce masa ai tun yaushe, yanzu an ci gaba. Nan haƙurina ya ƙare. Na ce wa Baffa tekun Atlantika ba hanyar Funtuwa zuwa Gusau ba ce, babu karen motar da zai buga ƙofa a tsaya masa. An ce na yi rashin kunya. Ki gaya wa Inna a durƙushe na faɗa, kuma ban ɗaga murya ba sosai.

Sai ya fito da abin da ya tanada. Ya ce ya buga waya shagon Alhaji na bakin titi, an kira Inna, ya gaya mata an sami wurin mutum ɗaya a jirgin da zai je kabarin Ladan, shi da Maharazu wa ya kamata ya je. Inna ta ce a bar wa Baffansa mana, yaro ya bi daga baya. Yaya, me kike so ta ce? Ko ni aka tambaya haka, abin da zan ce ke nan. Bai yi mata ƙarya ba, labarin mota ya ba ta, ta ba shi amsar mota. Amma tun da aka ce Inna ta ce, hannuna ya ɗaure. Na buga shagon sau da yawa, ko layi ya ƙi shiga, ko a ce ƙafarta ba za ta kai ta titi ba. Ni kuma duk zafin kaina, ba zan hau teku a kan maganar uwata ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, ko fushin ma Baffa bai bar ni na yi shi cikakke ba. Bayan taron ya ce in shigo ya rage mini hanya. Muna tsaye a danja wajen Tottenham sai na ga ya kifa kai a sitiyari. Ya ce shi ya ɗauki akwatin Baba a ka har tasha ranar da zai tafi Ikko, shi ya samo masa gidan gaba, ya rufe masa ƙofa da hannunsa. Ya ce duk wanda ya taɓa sa wa a mota ya ji labarin saukarsa, ban da yayansa. Danja ta ba da hannu, na baya suna ta hon, shi yana share ido da hula. Da muka iso Camberwell na ce a raina shi ke nan, ya gane. Ina fita ya leƙo ta taga ya ce kada in manta in tambayi matar nan ko babbanta ya dawo.

To, Inna, yanzu da ke nake magana, Yaya baki ce kawai. Ba gardamar girma nake yi da Baffa ba. Da kujerar nan tana bayuwa, da na ba shi na riƙe masa jaka har bakin ruwa. Ba ta bayuwa. In na sauka, wani Bature mai zuwa kallon tsuntsaye za a kira, Baffa yana Edmonton ina Camberwell, kilishin Sarkin Hausawa kuma yara su cinye. Baɗi kuwa babu tabbacin wani zai sake yin cancel, babu tabbacin tsohuwar nan za ta kai. In ta tafi, duwatsu ne baƙaƙe a cikin duwatsu baƙaƙe, mu koma gidan jiya, mu ce wani kabari a wani tsibiri. Ba zan ɓoye miki ba, tafiyar da wuya. Kusan mako guda ake yi a ruwa daga Cape Town, kuma in teku ta ƙi kwanciya ana iya zuwa a hango garin daga jirgi a juyo ba a sauka ba. Dutsen dai shiru yake tun wancan karon, sauran na Allah ne. Ko hangowa na yi, na fuskanci wurin na ɗaga hannu, ya fi abin da muka samu a shekarun nan duka. In kuma bayan kin ji komai kika ce kada in je, zan buga in ce a ba na gaba. Zan yi ta mita har in tsufa, kin san ni, amma ba zan je ba.

Yaya, a cikin ambulan ɗin nan akwai kaset sabo, Abdul-Mumuni kuma yana ɗauke da batura, kada a ce mini babu wuta. Zai juyo Landan kafin wata ya ƙare, don Allah kada ya baro Funtuwa babu kaset ɗin a aljihunsa. Ki aro rikodar Malam Muniru. A fuskar farko Inna ta faɗi hukuncinta da bakinta, ta kira sunan Baffa ta yi masa magana, don in a rubuce ne zai ce ni na tsara miki. Muryarta kaɗai ce ba zai nemi babbanta ba.

In ta yarda in je, ki juya kaset ɗin. Baffa ya ce ban iya addu'ar da ta isa a tsaya da ita a kan kabari ba, kuma a nan yana da 'yar gaskiya. Baba Masawudu ya koya mini abin da ake faɗa, na haddace. Amma ni ban san mutumin ba. Ban san muryarsa ba, ban san abin da yake tsoro ba, ban san abin da zan roƙa masa ba ban da abin da ake roƙa wa kowa. Inna ta sani. Ta yi masa addu'a yadda take so, da Hausarta, ta ɗauki lokacinta. Zan sa a aljihun kwat in sauka da shi ta tsanin nan, in tsaya a kan kabarin in kunna. Masu cewa bidi'a su kwantar da hankalinsu, ba don mamaci ya ji zan kunna ba, don ni in sami abin da zan ce wa amin ne. Kuma ki roƙe ta ta rage wuri a ƙarshe, ta ce Baffa ya ɗora tasa addu'ar a nan kafin in tafi. Ya sami kujerarsa ke nan. A kaset dai ana iya matsawa.

Ki gaishe mini da Malam Muniru, ki ce na gode da aron rikodar tun kafin ya yarda. Ki gaishe da 'yarki Abibatu, ki ce ta dage da karatu, littattafan da na yi mata alkawari suna cikin jakar Abdul-Mumuni. Ki gaishe da Maman Dokas ta gidan baya, Allah ya saka mata da yadda take leƙa Inna, da Alhaji mai shago, duk da wayarsa ta jawo mini. Baba Masawudu yana gaishe da Inna, ya ce a gaya mata Ladan bai sha wuya da yawa ba. Baffa ma yana gaisuwa, bai san na rubuto ba, zai ji a kaset.

Abu na ƙarshe, Yaya. In Inna ta fara addu'ar ta yi shiru a tsakiya, kada ki kashe rikodar don tattalin kaset, na san ki da tattali. Ki bar shi ya yi ta juyawa har ta ci gaba. Shirun ma ina so in kai masa.

Ƙaninki mai jiran amsa,
Maharazu Ladan